Yadda Ake Tunkarar Mai Mulki da Gaskiya a Damagaram, da Lissafin Abin da Take Jawowa

A Damagaram ba a rasa masu faɗin laifin hukuma ba. Ana faɗinsa a fadar shayi bayan isha'i, ana faɗinsa a rumfunan Kasuwar Dole, ana kuma faɗinsa a layin jarkoki a tsakiyar bazara idan famfo ya daɗe bai zubo ba. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai ɗauko maganar daga inda ake yin ta, ya kai ta gaban wanda ke da ikon gyarawa, ya faɗe ta yadda za a iya aiki da ita, sannan ya koma gidansa ya kwana cikin iyalinsa. Wannan jagora ta wannan mutumin ce, namiji ne ko mace, ɗan kasuwa ne ko malamin makaranta ko dattijon unguwa.

Addini ya riga ya warware mana hukuncin abin. Hadisi ya sanya faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba a sahun mafi girman jihadi, kuma a cikin Suratu Ɗaha an umarci Annabi Musa da Annabi Haruna su je wurin Fir'auna da magana mai taushi. Wanda ya riƙe na farko ya manta na biyu yakan ɗauka cewa ɗaga murya shi ne jarumta, wanda kuma ya riƙe na biyu kaɗai yakan tausasa maganar har ta narke ba a ji komai ba. Abin da nake ganin ya fi raba maganar da ke haifar da gyara da wadda ke haifar da sammaci shi ne shirin da aka yi kafin a buɗe baki da bibiyar da aka yi bayan an rufe shi, don haka a kansu za mu fi daɗewa.

Fara da sanin abin da kake nema

Kafin ka sa takalmi, ka zauna ka amsa wa kanka tambaya guda: idan mutumin nan ya saurare ka har ƙarshe ya ce, "To na ji, me kuke so in yi?", mece ce amsarka? A nan tawagogi da yawa suke tuntuɓe, domin "a yi adalci" da "a ji tsoron Allah" kalmomi ne masu kyau amma babu jami'in da zai iya sa musu hannu da hatimi. Buƙata ita ce abin da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba a rana kaza.

Mu ɗauki misalin da za mu bi har ƙarshe. A wata sabuwar unguwa a gefen gari akwai fili da aka keɓe wa makaranta tun lokacin rabon filaye, sai aka wayi gari an kakkafa turakun siminti a cikinsa, alamar an yanka shi gida-gida. Mutanen unguwa za su iya zuwa su ce an cuce su, a ba su haƙuri su tafi. Za su iya kuma cewa suna neman a dakatar da duk wani gini a filin har sai an fito da taswirar rabon an duba ta a gabansu, kuma a ba su amsa a rubuce. Ta biyun ita ce ke sa jami'i ya gyara zama.

A nan ne kuma ya kamata ka binciki niyyarka ba tare da ka yi wa kanka sassauci ba. Idan aka cire turakun gobe, amma sunanka bai fito ba kuma wanda ya yi laifin bai kunyata ba, za ka gamsu? In amsar a'a ce, to suna kake nema ko fansa, kuma masu mulki sun ƙware wajen shinshino wannan tun daga gaisuwa.

Raba abin da ka gani da abin da aka ce

Duk abin da ke hannunka ka kasa shi gida uku: abin da ka gani da idonka, abin da takarda ta nuna, da abin da ka ji a bakin mutane. Biyun farko ne kawai za su bi ka ofis. Ka ga turakun ranar kaza, kana da hotonsu a waya, wannan hujja ce. Taswirar rabon filaye ta nuna wurin a matsayin keɓaɓɓen filin jama'a, wannan ma hujja ce, kuma ta fi kowace nauyi. Amma "an ce wani attajiri ne ya saya" da "an ce miliyan kaza aka raba" su tsaya a gida, ko da zuciyarka ta tabbata gaskiya ne, saboda idan ka kawo magana goma, tara sahihai ɗaya mai rauni, zaman gaba ɗaya a kan ta goman zai ƙare, kuma kai da ka zo ƙorafi kai za a nema ka kawo shaida.

Takardun asali ba sa barin gida, fotokopi ake yawo da shi. Ka nemi dattawan da suka halarci rabon filin tun farko, ka ji daga bakinsu ko za su maimaita abin da suka sani a gaban hukuma, domin akwai tazara tsakanin mai ba da labari a zaure da mai tsayawa shaida. Idan abin yana da girma kuma aljihun jama'a zai iya, akwai ma'aikacin shari'a mai rantsuwa wanda aikinsa isar da sammaci da rubuta abin da ya gani da idonsa, kuma takardar da ya rubuta a kan turakun nan tana da ƙarfi a gaban alƙali fiye da hotuna ɗari.

Wace ƙofa za a buga

Rabin gaskiyar da ake faɗa a garin nan ana faɗa wa wanda ba shi da ikon yin komai a kanta. Ruwa ya isa misali. Damagaram tana zaune a kan dutse, shi ya sa ake janyo mata ruwa daga nesa, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Kamfanin SPEN ne ke da alhakin manyan gine-gine da bututu, rarrabawa da karɓar kuɗi kuma suna hannun kamfanin NDE tun 2024. Mutumin da ya je ya sauke fushinsa a kan yaron da ke karɓar kuɗi a taga saboda ƙarancin ruwa a gari ya ɓata wa bawan Allah rai a banza. Amma in matsalar ita ce takardar kuɗin da ta zo da adadin da bai dace da na mita ba, ko rabon ruwa da ke tsallake wata unguwa kullum, to wannan akwai shugaban ofis a nan cikin gari da zai iya amsa ta.

Saboda haka sai ka bi sawun sa hannu: wane ne ya rattaba hannu a kan abin da kake ƙorafi a kai, wane ne kuma ke da ikon soke shi? A ƙasa akwai mai unguwa, sama da shi fadar Sarkin Damagaram a Birni. Dokar sarautun gargajiya ta ba sarakuna ikon sasanta mutane a rigingimun al'ada da na zaman tare, kuma sulhun da aka yi a gabansu ana rubuta shi a takarda. Ta ɓangaren gwamnati, birnin ya kasu gunduma biyar a ƙarƙashin ma'aikatar magajin gari, kuma tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, waɗanda aka naɗa ne ke riƙe da su ba zaɓaɓɓu ba. Wannan ya canja lissafi ƙwarai, domin barazanar "za mu haɗu ranar zaɓe" ba ta da wurin zama yanzu, abin da naɗaɗɗen jami'i ya fi kula da shi shi ne abin da zai isa kunnen wanda ya naɗa shi. Sama da su akwai gwamnan jiha da daraktocin ma'aikatu. Rikicin gona da burtali a karkara kuwa yana da kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, daga na ƙauye har na gunduma, kuma tsallake su yakan sa a maido da kai baya.

Akwai kuma abubuwan da duk garin babu mai iya warware su. Tun 1926 da Turawa suka ɗauke babban birni daga nan suka mayar Yamai, manyan shawarwari a can ake sa musu hannu, kusan kilomita 900 daga ƙofar gidanka. Idan jami'i ya ce maka abu daga sama yake, wani lokaci kaucewa ce, wani lokaci kuma gaskiya ya faɗa. Abin da za ka nema a wurinsa a irin wannan hali shi ne ya aika da kukanku sama a rubuce, ya kuma ba ku lambar wasiƙar.

Lissafin asara tun kafin a fita

Ka zauna da wanda abin zai shafa in ta ɓaci, matarka ko mijinki ko mahaifi, ka gaya musu inda za ka da abin da za ka faɗa. Sannan ka duba ta ina za a iya kama ka. Malamin makaranta ɗan kwantiragi ana iya jefa shi wani ƙauye mai nisa da sunan bukatar aiki. Mai rumfa a kasuwa da bai kammala biyan haraji ba, ranar da ya yi magana ranar za a tuna da bashinsa. Wanda gininsa ya ɗan ci hanya ba shi ne zai jagoranci maganar filin makaranta ba. Wannan ba yana nufin sai marar aibi ne zai yi magana ba, amma duk ɓarakar da za ka iya toshewa ka toshe ta tukuna, wadda ba za ta tosu ba kuma ka bar wani ya shige gaba kai ka tsaya a baya.

Kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ku tafi da gayya. Mutum uku zuwa biyar sun isa: dattijo da ake jin nauyinsa, wanda ya iya karatun takardun Faransanci, da wanda abin ya shafa kai tsaye, kuma in maganar makaranta ce ko ruwa ko asibiti, tawagar da babu mace a cikinta ta bar mafi sanin matsalar a gida. Ku tsayar da mai magana guda. Ku kuma yi alkawari tun a zaure cewa babu wanda zai koma shi kaɗai daga baya, babu kuma wanda zai karɓi komai, domin hanyar da aka fi kashe irin wannan magana ita ce a kira mutum ɗaya da dare a ce masa akwai fili guda da ya rage.

Zaman kansa

A fara a asirce. Mutumin da aka faɗa wa laifinsa a ofishinsa, ƙofa a rufe, yana da damar gyarawa ya ce shi ya gano matsalar da kansa. Wanda aka faɗa wa a gaban taron suna ko a rediyo ba shi da abin da ya rage masa sai kare kai, kuma zai kare kansa ko da ya san ba shi da gaskiya. Ku nemi ganawa ta hannun sakatare, ku faɗi batun a taƙaice ba tare da ɓoye shi ba, domin wanda aka shammata yakan ɗauki ziyarar a matsayin hari. Ku guji ranar da baƙi suka zo daga Yamai da kuma ƙarshen yini.

Bayan gaisuwa cikakkiya, wadda ba a gaggauta ta ba, mai magana zai iya cewa: "Ranka ya daɗe, mutanen unguwa ne suka aiko mu. Filin da aka keɓe wa makarantar ƴaƴanmu an kafa turaku a cikinsa ranar Talatar da ta wuce, ga hotunan, ga kuma taswirar da ta nuna na makaranta ne. Ba mu san wanda ya ba da izni ba, shi ya sa muka zo wurinka kafin mu je ko'ina, tunda abin a ƙarƙashin ofishinka yake. Muna roƙon a tsayar da gini har a duba." Daga nan sai ya yi shiru. Shirun nan yana da wuya, kuma a cikinsa ne wani daga cikin tawaga yakan kasa haƙuri ya ce "ai kowa ya san wanda ya ci kuɗin", ya rushe duk abin da aka gina.

A lura da abin da ke cikin waɗannan kalmomi. An faɗi abin da ya faru ba a rage komai ba, an ɗora alhakin a inda yake, amma ba a kira kowa ɓarawo ba, an kuma sanar da shi cikin ladabi cewa akwai wasu ƙofofin bayan tasa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, sai dai akwai iyaka tsakanin ladabi da fadanci, kuma iyakar ita ce ƙarya. Kana iya cewa "mai yiwuwa maganar ba ta iso ka yadda take ba". Ba ka da damar cewa "mun san ba ka da hannu" alhali kana zaton yana da shi, domin ranar da abin ya kai gaba za a maimaita maka kalmarka.

Amsoshin da za ku ji ba su da yawa, kuma gara ku shirya musu. In ya ce "za mu duba", sai a yi godiya a tambaya, "Ranka ya daɗe, wace rana za mu dawo mu ji?", a kuma faɗi ranar da baki kafin a tashi. In ya ce "wa ya turo ku?", a ba shi takardar da mutanen unguwa suka sa wa hannu, kada a shiga musun siyasa. In ya fusata ya ɗaga murya, ku bar shi ya gama, domin sau da yawa fushin na ganin ko za ku tsorata ne ko za ku rama, kuma kowanne kuka yi ya samu mafita. In kuma a bakin ƙofa aka miƙo ambulan da sunan kuɗin mai, dattijon tawaga ne zai mayar da ita da fara'a: "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe, ai a ƙafa muka zo, kuma aike ne, ba mu da iznin karɓa."

A fada tsarin ya bambanta. Ana cire takalmi, ana zama a ƙasa, ana gaisuwa da "Allah ya ba ka nasara", kuma galibi maganar takan bi ta bakin wani bafade kafin ta isa. Wanda ya san fada yakan fara ganin mai unguwarsa, ya kuma sami mai sarautar da zai shigar da shi, don kada maganar ta canja kama a hanya. Sarki ba ya soke takardar gwamnati, amma kiran da zai yi wa jami'i ya ce "talakawana sun kawo kuka" yakan yi abin da wasiƙa uku ba su yi ba. Akwai ma wata tsohuwar hanya da bai kamata a raina ba, wato wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sanya a jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Bafulatani yana iya gaya wa Babarbare mai muƙami abin da ɗan'uwansa na jini ba zai iya ba, a yi dariya, saƙon kuma ya shiga. Sai dai wasa buɗe ƙofa kawai yake yi, ba ya maye gurbin takarda.

Takarda da hatimi

Ko zaman ya yi daɗi ko bai yi ba, a bi shi da wasiƙa, kuma a ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma aka fi tsallakewa saboda mun saba ɗaukar kalmar babba a matsayin ta wadatar. Jami'ai ana canja musu wurin aiki, alkawarin baki yana tafiya da mai shi, abin da ke rajista kuwa yana nan.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya: wanda aka rubuta wa da muƙaminsa, kwanan wata, abin da ya faru da ranakunsa, abin da ake nema, jerin takardun da aka haɗa, da sa hannun masu kai kuka. Babu zagi, babu kirari, babu tarihin unguwa tun daga kakanni. Ko da yake kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, aikin ofis har yanzu da Faransanci ya fi gudana, don haka in wani ne ya rubuta muku, ku sa wani dabam ya karanta ya fassara muku jimla bayan jimla kafin kowa ya dangwala hannu. Marubuci mai son burgewa yakan ƙara kalma mai zafi da ba ku faɗa ba, ku kuma za ku amsa ta.

Ku kai kwafi biyu sakatariya. Za ku tarar da babban littafin rajistar wasiƙun da suka shigo a kan tebur. Abin da kuke so shi ne a rubuta taku a ciki, a buga hatimi a kan kwafin da za ku koma da shi, a sa kwanan wata da lamba. Kada ku tafi da "ajiye nan, zan ba shi". In an ƙi karɓa, kada ku yi faɗa da sakatare, wanda sau da yawa umarni yake bi kuma gobe shi zai gaya muku inda takardarku ta kwana. Ku aika ta gidan waya da shaidar karɓa, ko ta hannun ma'aikacin shari'ar nan mai rantsuwa. A ƙasan wasiƙar ana iya nuna cewa an aika kwafi ga na sama da jami'in, amma a wasiƙar farko na fi son a bar wannan, a ajiye shi don ta biyu.

Hatimin nan yana da amfani na shari'a. Mai son ƙalubalantar shawarar hukuma a kotu ana bukatar ya nuna cewa ya fara neman hukumar ko ta sama da ita ta janye, kuma akwai wa'adin da in ya wuce ƙofar ta rufe. Shi ya sa ya kamata a ga lauya tun da wuri, ko da shawara kawai za a saya, maimakon a tuna da shi bayan an yi wata shida ana zirga-zirga. Ma'aikacin kamfani da rigimarsa da mai gidansa ce yana da tasa hanyar: wakilan ma'aikata, waɗanda dokar aiki ta 2012 ta hana a kore su ba da iznin sufeton aiki ba, sannan ofishin sufeton aikin kansa, inda ake fara neman sulhu kafin kotu.

Idan an yi shiru, da batun fita fili

Ranar da aka sa ta zo, ku koma. In babu amsa, wasiƙa ta biyu ta ambaci lambar ta farko, ta kuma hau mataki ɗaya sama. Hawa a hankali yana da dalili: kowane na sama abin da zai fara tambaya shi ne ko kun ga na ƙasa, kuma kwafi mai hatimi shi ne amsar.

Fita fili, wato rediyo da Facebook da saƙon murya a WhatsApp, shi ne mataki na ƙarshe, kuma wajibi ne a san dokar da ke kansa. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 an sassauta ta a 2022 aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yunin 2024 aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 a kurkuku da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 a kan ɓata suna ko zagi ta hanyar sadarwar zamani, shekara 2 zuwa 5 kuma a kan yaɗa abin da aka ga zai iya dagula zaman lafiyar jama'a. Saƙon muryar da ka aika wa mutum goma cikin fushi da tsakar dare yana iya kwana a waya dubu, kuma magana zarar bunu ce. In za a yi magana a rediyo, a karanta abin da ke cikin wasiƙar, a faɗi ranar da aka kai ta da cewa ba a sami amsa ba, a tsaya nan. Zanga-zanga kuwa dokar 2004 ta wajabta a sanar da hukumar gari tun da sauran kwanaki, hukuma tana da ikon hanawa, kuma wanda ya kira taro shi ake nema in wasu da bai sani ba suka fasa shago.

In sammaci ya zo daga ƴan sanda ko jandarmomi, a amsa shi. Ka sanar da iyali da sauran ƴan tawaga, ka tafi da katin shaidarka da kwafin takardunku, wani ya raka ka. Kana da damar neman lauya tun daga matakin bincike, tsarewa a laifuffukan yau da kullum kuma awa 48 ce wadda mai shigar da ƙara na gwamnati zai iya sabuntawa. Kada ka sa hannu a kan bayanin da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba.

To, akwai riba?

Tarihin ƙasar nan ya ba da amsa iri biyu. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka yi maci a gadar Kennedy a Yamai, aka harbe uku daga cikinsu, kuma wannan jinin yana cikin abin da ya kai ga babban taron ƙasa na 1991, wanda ɗan garin nan André Salifou ya shugabanta, mutumin da jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa. Ranar 13 ga Mayun 1991 mata suka fito saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya taron, aka ƙara yawansu, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. A 2005 gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa ta tsayar da harkoki a Yamai da sauran manyan garuruwa saboda harajin kashi 19 cikin 100 da aka ɗora wa kayan masarufi, aka tsare shugabanninta, amma daga baya gwamnati ta janye harajin daga wasu kayan. A 2018 kuwa masu adawa da dokar kasafin kuɗi sun yi kusan wata huɗu a tsare, dokar kuma ba a janye ta ba.

Abin da na karanta a cikin waɗannan shi ne, inda aka ci nasara buƙatar takan kasance guda ɗaya ce bayyananniya, masu ita suna da yawa, kuma mai mulki yana da hanyar ja da baya ba tare da ya faɗi ƙasa ba. Ko a nan ma wani ya biya farashi, kuma ba kasafai wanda ya biya yake cin moriyar ba. Wanda ya ce maka gaskiya kullum tana fitar da mai ita lafiya a duniyar nan bai gaya maka duka ba.

A matakin unguwa da ofis, inda yawancinmu za mu yi tamu gwagwarmayar, lissafin ya fi sauƙi kuma ya fi karkata ga a yi magana. Haɗarin ziyarar ladabi da wasiƙa mai hujja kaɗan ne, kuma ko ba a cire turakun ba, wanda ya kafa su ya san akwai masu lura da ke ajiye takarda, abin da kan sa a yi tunani kafin a taɓa fili na gaba. Inda nake ganin kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu shi ne inda hujjarka jita-jita ce, ko wanda kake tunkara ba shi da ikon gyarawa, ko kuma asarar za ta faɗa kan wasu da ba ka shawarta ba. A irin wannan hali jinkirtawa har a ƙara shiri ya fi.

Akwai kuma lokacin da ya kamata mutum ɗaya ya ja baya ko da maganar ba ta mutu ba, musamman idan ta fara komawa rigima tsakaninsa da jami'in, har ana kiran batun da sunansa maimakon sunan filin. A nan sai ya miƙa fayil ɗin ga wani daga cikin tawaga, da kwafin kowace wasiƙa da lambarta da ranar kowane zama. A ajiye kwafi na biyu a wani gida dabam. Idan aka canja jami'in, kamar yadda ake yawan yi, a bar sabon ya yi mako biyu ko uku ya zauna daram, sannan a nemi ganawa da shi, a kai masa sabuwar wasiƙa mai ambaton lambobin tsofaffin, domin sabon zuwa ba shi da abin karewa a cikin laifin wanda ya gada kuma yakan so ya fara aiki da abin da za a yaba masa.